Gurnanin Baƙin Kan Jirgi

Kimberley, 6 ga Mayu

Wynand nawa,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya jiki, yaya ƙafar, yaya motsa jikin da suke sa ka yi? Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa. Mutanen coci suna gaishe ka. Na ba 'yarmu Liezel busasshen biredin da kake tsomawa a kofi, ka ci abinka, kada ka rabar wa 'yan ɗaki.

Tunda magana a waya tana wahalar da kai tun da ɓarin jikinka ya shanye, zan riƙa rubutowa, 'yarmu ta kai maka duk Laraba. Yau kuwa laifina zan faɗa.

Ranar da muka zo asibiti ka ce in sayar da ƙananan jiragen ƙasanka na wasa da ke gareji, wai mai hannu ɗaya ba shi da abin yi da su. Na ce to, amma ban sayar ba. Shekara talatin da ɗaya kana gina garin nan a kan tebur, da tasharsa da gadarsa, sai in miƙa wa baƙo? Na je wurin Lawrence Mokgothu, abokinka na ƙungiyar masu jirage. Ya ce akwai wata 'yar na'ura mai suna dikoda, ba ta wuce farce girma ba. Idan aka saka ta a cikin kan jirgi, mutum zai tuƙa shi da rimot, da yatsa ɗaya, yana zaune a kujerarsa.

Na sayo. Lawrence ya tafi Upington jana'izar yayarsa, ni kuma na kasa jira. Na ɗauko baƙin kan jirgin da mahaifinka ya ba ka, na buɗe shi, na bi takardar, na liƙa wayoyi huɗu da dalma. Yatsu biyu na ƙona. Ya tashi kam, amma Wynand, gurnani yake kamar injin niƙa, yana fizga yana tsayawa. Shi da ba a jin tafiyarsa sai ƙarar taya. Ina tsoron na lalata maka shi. Ka yafe mini.

Taka,
Elsabé

Kimberley, 13 ga Mayu

Tsohona,

Da fatan ka tashi da sauƙi. Liezel ta ce ka yi taku tara da sanda, na gode wa Ubangiji. Ta kuma ce da ka gama karanta wasiƙata ka juya fuska bango, ba ka ƙara kallonta ba. Na cancanci hakan, ita kuwa ba ta da laifi.

Lawrence ya dawo. Da ya ga aikina sai ya cire tabarau ya ce, "Elsabé, wannan liƙi ne ko kunu kika zubar?" Amma ya duba ya ce kowace waya tana inda ya kamata. Kwana uku muna kai. Mun goge layin dogo, mun wanke tayoyi, na ɗiga mai a haƙoran giyar injin. Sannan ya taɓa wasu lambobi a rimot, ya ce dikoda ba ta sakin wuta gaba ɗaya, gutsure-gutsure take aikawa, idan aka ƙara musu sauri kunne ba zai ji ba. Wani siririn fito da yake yi ya ɗauke, amma gurnanin da fizgar suna nan, musamman idan aka ce ya tafi a hankali.

Jiya ya ajiye sukurdireba ya ce, "Na saka dikoda a kawunan jirage sun fi ashirin, ban taɓa ganin mai taurin kai irin wannan ba. Halin mai shi ya ɗauko. Mutum ɗaya ya san cikinsa, yana can asibitin Bloemfontein yana fushi."

Ban ce dole ka amsa ba. Na san tun Maris ba ka riƙe biro ba, kuma an ce ka ƙi gwadawa da hagu. Na dai rufe shi da ƙyalle na bar shi a tasha.

Mai ƙaunarka,
Elsabé

Kimberley, 20 ga Mayu

Wynand, mijina,

Gaisuwa da godiya. Yaya jikin? Ni dai rabon da in ji daɗi haka, tun kafin ka kwanta.

Liezel ta miƙo mini takardarka. Na buɗe na ga haruffa manya, a karkace, wasu sun huda takardar: "Kafasita. Ƙarƙashin injin. Baƙin tef. Yanke." Can ƙasa kuma: "Ki daina zuba mai." Ta ce minti arba'in ka yi kana rubutawa, ka yaga uku, kuma da nas ta zo za ta taimaka ka kore ta. A bakin ƙofa na zauna na yi kuka, sai da Liezel ta ɗaga ni.

Da safe na kira Lawrence. Muka ɗaga ɗan injin, muka ɓare tef, ga shi nan, ɗan fai-fai ruwan ƙasa kamar ƙwayar wake. Lawrence ya dafe kai ya ce, "Wane mahaukaci ne zai ɓoye kafasita a nan?" Nan take na tuna. Shekarar da Mama ta zauna da mu, ta dame ka wai jirginka yana sa wa talabijin ɗinta zane, ka shiga gareji ka fito ka ce magana ta ƙare. Ashe shi ka saka don ya hana zanen. Lawrence ya ce dikoda tana sauraron injin don ta san saurinsa, wannan abin kuma yana rikita mata lissafi, shi ya sa take ta tura wuta tana janyewa.

Ya miƙo mini filaya ya ce ni aka rubuto wa. Na yanke ƙafafunsa biyu na waya. Muka ɗora shi a kan layi, na murza rimot kaɗan. Wynand, ya taso daga tasha a hankali, a hankali, da taragu shida a bayansa, ya haye gada, ba ka jin komai sai tayoyi. Lawrence ya ce wai ƙura ce ta shigar masa ido, ya fita waje.

Na gode da ba ka bar ni da shi ba. Na gode wa Lawrence, wanda ya ƙi karɓar komai sai kofi, yanzu ma yana can yana buga katako a matakalar gareji don kujerarka mai taya ta shiga. Likita ya gaya wa Liezel watakila ƙarshen Yuni a sallame ka.

Saura kawunan jirage goma sha ɗaya a kan kanta, kuma na san kowanne akwai abin da ka ɓoye a cikinsa. Ba zan kwance ko sukuru ɗaya ba sai ka rubuto mini. Na sa wa Liezel littafin rubutu da biro biyu a jaka. Ka fara da koren kan jirgin.

Matarka,
Elsabé