Ranar da Aka Kayar da Bututun Masaƙa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara duka. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nemanka, ya tsare ku a inda kuke. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Ciwon gwiwar Inna ya yi sauƙi, har ta koma faɗa da kajinta. Auta ta gama jarrabawa, yanzu ba ta da sana'a sai barci da leƙa tukunya. Baba kuwa, labarinsa ne ya zaunar da ni rubuta maka.

Saƙonka ya iso, wanda ka ce in kai Baba gidan Gwaggo kafin a kayar da bututun hayaƙin tsohuwar masaƙa, don kada ya ga abin da ya gina da hannunsa yana faɗuwa, ga shi zuciyarsa ba ƙarfi gare ta ba. Yaya, ka yi haƙuri, na gwada amma ban ci nasara ba. Da na faɗa masa, kallona ya yi ya ce shi da ya hau ƙololuwar bututun nan yana saurayi, da bulo a kafaɗa iska tana kaɗa shi, ba zai je ya ɓuya a ɗakin ƙanwarsa ranar da za a sauko da shi ba. Mu ma hankalinmu ba a kwance yake ba, don ka san tsakanin katangarmu da gindin bututun bai wuce jifa ba. Da zai karkato ta wajenmu, gidan da aka haife mu a ciki ya tafi ke nan. Inna har ta daina cin abincin kirki.

Ni dai a da na ɗauka rusau ba wani abu ba ne illa a kawo katafila a yi ta dukan gini har ya zube. Ashe ilimi ne mai zaman kansa. Da farko ma'aikatan rusau ɗin tuɓe masaƙar suka yi, kamar ana fige kaza. Suka yanke wuta da ruwa, suka zare wayoyi, suka cire tagogi da ƙofofi da kwanon rufi, ƙarfe gefe guda, katako gefe guda, don duk za a sake amfani da su. Sai da ya rage ƙashin ginin kawai sannan aka kawo wata mota mai dogon hannu, da baki irin na kada, tana gatsar kankare daga sama tana saukowa, wani kuma yana tsaye yana fesa ruwa don ƙura ta kwanta. Direbanta ɗan siririn mutum ne, amma na ga ya ɗauko ginshiƙin da ya fi motar haya nauyi ya ajiye shi a hankali kamar mai kwantar da jariri. Ko ɓaraguzan ba a zubar ba, niƙe su aka yi za a shimfiɗa a ƙarƙashin titi.

Da aka zo kan bututun, injiniyan da ke jagorantar aikin ya zo gidanmu da kansa. Ya ɗauki hoton kowane bango, ya manna wata 'yar na'ura a katanga da za ta auna girgiza. Baba ya sa aka shimfiɗa masa tabarma, ya tsare shi da tambayoyi. Injiniyan ya ce kowane gini nauyinsa yana bin wata hanya ne zuwa ƙasa, kuma mai rusau ba kokawa yake yi da gini ba, nemo hanyar nan yake yi ya datse ta, sai nauyin ginin ya ƙarasa aikin da kansa. Ya ce bututun kamar itace za a sare shi: a rarake gindinsa ta gefen da ke kallon fili, a huda ramuka a cusa nakiya, a naɗe wurin da ragar ƙarfe da bargo mai kauri don kada duwatsu su yi tsalle, a tara yashi inda zai kwanta. Ya kuma yi wa Baba ƙorafi cikin raha, wai simintin da su Baba suka kwaɓa a zamaninsu ya dakushe masa bakin injin huda har ya gaji da sauyawa. Rabon da in ji Baba ya yi irin dariyar nan tun kafin ciwonsa. Da Inna ta leƙo ta tambaya ko ya tabbata gidanta zai tsira, bai yi mata daɗin baki ba. Ya ce ya yi lissafi iya saninsa ya kuma maimaita, saura na Allah ne, shi ya sa dole kowa ya fita daga unguwar a ranar.

Ranar kuwa da hantsi aka fitar da mu. Inna ta sa kajinta a kwando, ta kulle ƙofa, ta dafa ta na ɗan lokaci bakinta yana motsi. Muka taru a filin makaranta, duk unguwa, na ajiye wa Baba kujera, maganinsa yana damƙe a hannuna. Aka busa jiniya. Ban taɓa ganin taro mai yawa haka ya yi tsit ba, har jarirai. Sai muka ga ƙura ta yi tsartuwa a gindin bututun, ƙarar ta biyo baya ta doki ƙirjinmu. Bututun kuma ya tsaya ƙyam kamar bai ji komai ba, har na ce a raina abin bai yi ba. Can sai ya sunkuya. Yaya, ban san yadda zan kwatanta maka ba. A hankali ya taho, kamar dattijo zai yi ruku'u, duk tsawon nan nasa yana ratsa sama ba gaggawa, daidai ta inda aka ce zai bi. Sai da ya kusa ƙasa sannan ya karye, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafafunmu, jar ƙura ta tashi ta rufe komai. Da ta lafa, wurin da muka buɗe ido muka gan shi tun muna yara babu komai sai sarari, tsuntsaye suna ta kewayawa sun rasa wurin sauka. Mutane suka yi ta salati.

Na juya ga Baba a tsorace, na tarar ya miƙe tsaye ba tare da sandarsa ba. Hawaye yake yi, amma fuskarsa a sake take. Ya riƙe hannuna ya ce ko na lura a dunƙule ya taho, bai wargaje a hanya ba, wai ginin da aka yi da ha'inci tun daga gindi yake zubewa. Sannan ya fara kiran sunayen abokan aikinsa da suka riga mu gidan gaskiya, ɗaya bayan ɗaya, yana yi musu addu'a, mutanen da ke kusa suna amsawa da amin. Maganin nan ban buɗe shi ba. Da aka ba mu izinin komawa, muka samu gida yana tsaye, ko tsagewa babu, sai ƙura da kofi ɗaya da ya faɗo daga kan kantar Inna. Washegari Inna ta fito a firgice tana cewa ta makara, ashe rana ce ta shigo ɗakinta da sassafe. Duk shekarun nan a inuwar bututun muke zaune ba mu sani ba. Yanzu a wannan hasken Baba yake shimfiɗa tabarmarsa kowace safiya.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage yawan aiki. Gwaggo da Kawu da Auta duk suna miƙa gaisuwa. Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka shafa mini kan yara, musamman takwarata. Baba kuma ya ce in faɗa maka, in Allah ya kawo ka, kada ka tsaya neman bututu daga nesa don ka gane hanyar gida, ka aiko kawai da ranar zuwanka, shi da kansa zai fito ya tsaya a bakin titi.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa.