Dutsen Gawayi da Ragon Suna

Amurka, 1975

Hamma Ishaku,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Gogo da mutanen Yola Gari? Ina lafiya, sai ciwon gwiwa da rashin abokin hira.

Matar ɗana Hamajoɗa ta sauka, an sami namiji. Ranar suna ta wuce, ba a yanka komai ba. Uban yana jami'a yana auna wani dutse da aka gano a sararin samaniya yana zagaya rana, baƙi ƙirin kamar gawayi. Har faɗinsa ya sani, amma bai ɗauki jaririn ba. Da na yi faɗa, wai kunyar ɗan fari ce. Uban Hamajoɗa ma ya ji kunyar da na haife shi, amma ya yanka rago.

Ka sayi rago a Jimeta, malaminmu Modibbo ya raɗa wa yaron suna Bakari. Ban nemi shawarar kowa ba.

Ƙanwarka,
Fadimatu