Giwan Ruwa Ba Ta Gudu a Sanyi

Litinin, 20 Nuwamba

Balkissa, ajiye wankin nan, zo ki saurare ni yanzu yanzu. Ɗauko biro. Zabarmanci ba ki ji, to ga Hausata ta kasuwa, ki rubuta yadda ta fito. In na faɗa da baki cewa suke tsohuwa ta ruɗe.

Ɗana Sumana ya shiga kogi jiya da asuba, har yanzu bai fito ba. Matarsa Samira tana bakin ruwa tun safe. Maza suna ta nemansa nan kusa da garake, wajen masu salati da kabeji. Ba nan yake ba. Gangarawa ya yi.

Ki rubuta yadda aka yi. Wani mai gidan abinci a Maourey ya ce yana son giwan ruwa babba, ta biki. Sumana ya samo wani kifin roba, tsawon tafin hannu da rabi, ƙugiyoyi reto-reto, cikinsa na kacau-kacau. Ni ke riƙe masa 'yan kawara, ƙananan kifin da ake sa wa ƙugiya, cikin baho, tun zamanin ubansa aikina ne. Na ce masa ruwa ya yi sanyi. Giwan ruwa in sanyi ya shigo kwanciya take a ƙasa, ba ta bin abu da gudu. Ɗan ƙarami kamar yatsa za ka sauke mata gaban baki, sannu sannu. Ya yi dariya, wai Inna ƙaramin abinci ƙaramin baƙo yake kira.

Ya yi ta jefa robar nan kwana da kwanaki, ko taɓi. Sai ya ce kifin ya bar nan Gamkalley, unguwarmu. Ni na san inda mai wannan tunani yake nufa. Gurbin bayan gungu, inda dorina take da ɗanta.

Talata, 21 Nuwamba

Sun ji maganata, amma sai da Nassirou abokinsa ya maimaita ta. 'Yan pompiye, masu kashe gobara, sun zo da jirgi mai inji, suka gangara. Da la'asar suka komo. Babbansu ya cire hula ya gaishe ni, ya ce ruwa ya cika da yawa bana, gobe ma za su koma. Bai dubi idona ba.

Na canza wa kawara ruwa.

Laraba, 22 Nuwamba

Ba komai. Rubuta haka nan.

Juma'a, 24 Nuwamba

Yau Lawali tela ke rubuta mini, Balkissa ta tafi Banifandou wajen uwarta. Malam Lawali, kada ka gyara mini magana.

An ga jirgin Sumana. Can ƙasa, a kife cikin ciyawar burgu. Gefensa a ɓare. Wasu suka ce haƙori ne, wasu suka ce dutse. Nassirou ya kawo mini filafilin, na ce ya kai wa Samira, ya ce ba zai iya ba. Filafilin yana bayan ƙofata.

Jirgi ba mutum ba ne. Sumana tun bai iya tafiya sosai ba yake iyo. Akwai rugage can, akwai masu shinkafa. Mutum yana iya karya ƙafa ya kwanta gidan wasu, ba salula, ba wanda ya san shi.



Lahadi, 26 Nuwamba

Gwaggon Samira ta zo da tsinken tsifa a hannu. Wai a kwance mata kitso, a cire 'yan kunne, ta shiga takaba. Na tashi, ban san ina da sauran ƙarfi haka ba. Na ce kun ga gawa? Wa ya wanke shi? Wa ya sallace shi? Wanda ya taɓa kan yarinyar nan ban yafe ba.

 Samira ta zuba tuwonsa a kwanonsa ta rufe, kamar kullum.

Liman ya aiko, wai in na shirya akwai sallar da ake yi wa wanda ba a samu ba. Na ce a gaishe shi.

Alhamis, 30 Nuwamba

Balkissa, wannan ki rubuta shi ƙanana.

Nassirou ya zo jiya yana sunkuyar da kai, yaransa ba su ci kifi ba tun ranar. Ya roƙi kawara. Na zaɓar masa ƙanana na ba shi, me zan yi da su, suna ta mutuwa ɗaya ɗaya. Yau da hantsi sai na ji hayaniya a mashaya. Giwan ruwa ya kamo, mutum biyu suka ɗauko ta a gora, wutsiya na jan ƙasa. Nan ƙarƙashin garkar Fatuma mai albasa. Inda Sumana ya yi kwanaki yana jefa robarsa. Daga ƙofar gidana ana hango wurin.

Tana nan kwance duk kwanakin nan. Ba inda ta je.

Ya yanko mini tsoka ya kawo. Ya tsaya da kwano yana kuka, ƙaton namiji. Na ce ba ka yi laifi ba ɗana, kai wa yara. Ƙamshinta ya cika unguwa har magariba. Na toshe hanci da gyale.

Mutane suna cewa ashe Inna ta faɗa. Ina ma ƙarya na yi.

Asabar, 2 Disamba

'Yan pompiye sun daina zuwa. Ba wanda ya gaya mini, injin ne na bar ji.

Ruwa yana ta hawa, ya ci garake biyu na bakin gaɓa. Ban je ba yau. Gwiwa.

Laraba, 6 Disamba

Na leƙa ɗakin Samira da rana. Tana zaune tsakar tabarma, kitson nan ya tsufa, ya yi buzu-buzu, tana sosa kai da hannu biyu. Ba ta fita kasuwa, kada a ce mijinta ya ɓace tana yawo. Ba ta zauna takaba ba, don na hana. Mata sun rasa gaisuwar da za su yi mata, sai su tsaya bakin ƙofa su juya. Ta rame, wuyanta kamar kara.

Ta ɗago ta ce, "Inna, ni yanzu mece ce?"

Na ce in je in duba tukunya. Ba tukunya a wuta.

Juma'a, 8 Disamba

Ban ce na yarda da komai ba, kada ki rubuta haka. Na dai ce Lawali ya auno gero a jiƙa. Sadaka ai ko mai rai ana yi masa. A share tsakar gida, a aro tabarmi wajen Fatuma. Filafilin nan ma a fito da shi daga bayan ƙofa, yana tokare ni.

Bayan sallar Juma'a ina son Nassirou ya tsaya ya ga liman, ya ce masa Inna ta ce... shi ya san sauran.

A'a, tsaya. Kada Nassirou ya motsa tukuna. Ba daga masallaci za ta ji ba, ba kuma daga bakin gwaggonta ba. Ajiye biron ki kama ni in tashi, ki miƙo mini tsinken tsifa na cikin kwalla. Samira za a fara gaya wa.