Ganyen da Inna Ta Nuna wa Rahila

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigida da yara? Mu nan Gusau lafiya lau.

Kin san Inna ba ta taɓa nuna mana ganyen da take haɗa maganin gudawa da shi ba. To, ta ɗauki Rahila, ɗiyar maƙwabcinmu mai karatun kimiyya, har dajin Rawayya ta nuna mata! Rahila ta tace ruwansa ta gwada a makaranta, wai yana kashe ƙwayoyin cuta. Yanzu Inna ba ta da zance sai "ɗiyata Rahila". Ni da hannuna ya yi kanta wajen dakan garin maganin, ko sunan ganyen ban sani ba.

Ki gaida kowa. Ki sa ni a addu'a, don abin da ke cina ba shi da ganye.

Ƙanwarki,
Saratu