Gishirin da Kika Zuba Mini a Gahawa

Zuwa ga Nizama, furen tuffa na farko bayan shekarun ƙanƙara, sanyin kogin Drina a maƙogwaron mai ƙishi, taga ɗaya tilo da ba ta fashe ba a layin zuciyata! Gaisuwa daga rumfata ta bakin gada, inda tun ranar Lahadi ba a bar ni na auna ko albasa cikin natsuwa ba.

Kin san garinmu, labari ya fi motar sojojin waje gudu. Kafin in gangaro daga gidanku, kasuwa ta ji cewa Zijad ya sa kwat, ya je neman aure, an ba shi gahawa da gishiri. Hamdo mahauci ya leƙo ta bayan nama yana ihu: "Ango! An ce an jiƙa ka da ruwan gishiri kamar kabejin tulu. Zo in rataye ka ka bushe!" Gwaggonki Mejra kuwa har ƙofa ta raka ni tana shafa mini kafaɗa: "Haƙuri, ɗana, ka san al'ada. Sukari na'am, gishiri a'a." Na ce, "Na gode, Gwaggo." Ke shaida ce, har ƙasan finjali na shanye, fuskata ko motsi.

Bayin Allah! Al'adar garin da ya mutu suke karanta mini. Garinmu na kafin yaƙi, mai silima da masana'antar takalma da gadar dutse, inda gishiri ke zube a kowane kanti babu mai kallonsa. A can kam, a ba mutum gishiri kora ce. Amma ni ɗan kasuwa ne, ya hasken idona. Na san kaya, na san darajarsu, na kuma san ranar da daraja ta juya.

Kin manta shekarar da aka rufe mana hanyoyi? Igwa na tsawa daga kan duwatsu, mu kuma muna cikin rumbun masu gyaran titi, muna kankarar baƙin gishirin da ake watsa wa kwalta don narkar da ƙanƙara. A can na fara ganinki. Kika kwance ɗankwalinki mai ɗigon shuɗi, kika miƙo mini gefe ɗaya, kika ce, "Kai mai surutu, riƙe nan, in ka saki sai na ci ƙaniyarka." Muka dafa gishirin a ruwa, muka tace tsakuwa da ɗankwalin, yatsunki jajir don sanyi, gashinki ya zubo kamar inuwar dutse a kan kogi. Wallahi tun ranar ban saki ba! Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, zoben aurenta ta bayar a kan kofi guda na farin gishiri, kina tsaye.

Yau ga gishiri ya dawo buhu-buhu, arha kamar yashi. Amma ke har gobe in ƙwaya ta faɗi a tebur, sai kin lashi yatsa kin ɗauke ta. Na lura. Gwangwanin gishirinki yana can saman kabad, ko Gwaggo ba ta isa ta taɓa ba. To faɗa mini, ya kurciyata, macen da ke bin ƙwaya ɗaya da yatsa, ita ce za ta cika cokali ta ɓarar a kan mutumin da ba ta so? Haba! Wanda ba kya so, ƙonannen sha'ir za ki dafa masa, irin wanda muka sha lokacin yaƙi muna kiransa gahawa. Ni kuwa dukiyarki kika ba ni, a gaban kowa, babu wanda ya gane sai ni.

Duk da haka na ji yayanki Edhem ya aiko miki da tikiti, motar Malmo, can ƙasar waje inda yake, kuma ranar Juma'a za ta tashi. A nan ne bakina, wanda ya taɓa sayar wa sojan waje agogon da ba ya tafiya, yake rawa. Rabin garin nan ya riga ya shiga motar. Idan kika bi su, wa zai sa ni in yi shiru? Wa zan kalla in tuna cewa mun rayu? A can za su ba ki ɗaki mai ɗumi, amma za su ga kina lasar yatsa a tebur su ɗauka rowa ce.

Na yi wa gidan mahaifina sabon rufi. Na cire ledar tagogi na sa gilashi na gaske. Itacen tuffar da harsashi ya tsaga ya yi fure ta ɓangare guda, kuma ɓangaren ya ishe mu.

Ranar Alhamis zan dawo, da kwat ɗin nan dai. In da gaske a'a ce, kawo mini gahawa haka nan, ba sukari ba gishiri, ni da kaina zan ɗauki akwatinki zuwa tasha, ba zan ce uffan ba. Amma na san ki, Nizama. Ki sauko da gwangwanin, ki cika cokali biyu, a bar Gwaggo ta yi ta ba ni haƙuri.

Naki, wanda ya riƙe gefen ɗankwali kuma ba zai saki ba har a rufe shi da ƙasar garin nan,

Zijad