Ƙas-ƙas a Wuyan Kekena

Litinin, 3 ga Maris

Keken hawana ya tsiro da wani sauti. Ƙas. Sai ya yi shiru, can kuma ƙas-ƙas. Daga gaba yake fitowa, wajen wuya. Sau uku na ji shi yau a hanyar zuwa shagon wata tela. Shekara talatin da huɗu ina gyaran keken ɗinki, da kunne nake cin abinci. Wannan ba zai gagare ni ba. Gobe.

Talata, 4 ga Maris

Na matse ƙararrawa, na sa wa sarƙa mai, na ɗaure feda da sirdi. Har akwatin kayan aiki na sauke, ko sifana ce ke bugun 'yar'uwarta. Na hau. Ƙas.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kira uwar yara ta zo ta saurara. Na tura keken a tsakar gida, na zagaya igiyar shanya sau biyu. Tsit. Kamar ya san an kasa masa kunne. Ta ce, "Malam, ni dai tafasar tukunyata kawai nake ji." Ta koma tana dariya.

Da yamma Auta ta zo da mijinta. Na ba shi ya hau, ya kai bakin titi ya dawo. "Baba, ai lafiya lau yake, kamar sabo." Da ladabi ya faɗa. Irin ladabin da ake yi wa mara lafiya. Kuma na ga Auta ta kalli uwarta.

Asabar, 8 ga Maris

Bari in rubuta, tunda babu mai karantawa.

Haka Inna ta fara. Mahaifiyata. Tana zaune sai ta ce ana ƙwanƙwasa ƙofa, mu je mu buɗe, babu kowa. Muna yi mata dariya da farko. Shekara biyu bayan nan ta dube ni ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema?" Shekarunta sittin da uku lokacin da ƙwanƙwasar ta fara. Ni watan gobe zan cika sittin da biyu.

Jiya na manta inda na ajiye tabarau, ashe yana goshina. Kowa na yin haka, na sani. Amma dai.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban hau ba. Na ce wa uwar yara gwiwa ce.

Litinin, 10 ga Maris

Da ƙafa na je aiki, akwati a kafaɗa. Telar da na je wa gyara ta taka kekenta ta ce, "Ka ji shi, Baba?" Na ji sarai, allura ce ke gogar ƙarfe. Amma na tsaya ina tambayar kaina, ji na yi ko zato? Sai da na sa ta taka sau huɗu. Aikin minti goma ya ci mini awa guda. Ta kawo mini ruwa, tana ta kallona.

Talata, 11 ga Maris

Na kai shi wajen Dogo mai gyaran keke. Shekara ashirin ina wuce rumfarsa ina ɗaga masa hannu, ban taɓa kai masa gyara ba. Na sha faɗa a gabansa cewa kekena bai san hannun kowa ba sai nawa. Yana hango ni ina turo shi ya miƙe. "A'a, yau likita ne da kansa a asibiti?" Na ce ya bar tsiya ya saurara.

Ya murza kan keken hagu da dama. Shiru. Har na fara cewa ya bari kawai, ƙila ba komai, sai ya ce, "Yaushe yake yi? Kana kan santsi ko a gargada?" Na yi tunani. A gargada. Da kuma in zan tsaya a gangaren nan na bayan makaranta.

Sai ya damƙe birkin gaba tam, ya tura keken gaba ya jawo shi baya.

Ƙas.

Ya sake. Ƙas-ƙas.

Fuskarsa nake kallo. Ya yamutsa ta ya ce, "Kai, wannan ai ko kurma ya ji shi."

Na zauna a kan benci. Na ce, "Ka ji shi da gaske?" Ya ce, "Kawo hannunka." Ya ɗora yatsuna daidai inda wuya ya haɗu da gangar jikin keken, ya sake girgizawa. Ga abu nan yana motsi ƙarƙashin yatsana, ɗan kaɗan, kamar haƙori mai girgiɗi.

Ya kwance notin sama, ya zare kan gaba ɗaya. Sandar da ke shiga cikin wuyan ta bushe ƙayau, duk tsatsa. Boris ɗin ciki, 'yan ƙwallayen ƙarfen da kan ke juyawa a kansu, babu ɗigon giris, sai yashi. Ɗaya har ta tsage. Ya ɗora mini ita a tafin hannu, ba ta kai ƙwayar barkono ba. Wannan 'yar abar ce ta hana ni sukuni kwana takwas.

Na ce to me ya sa surukina bai ji ba? Ya ce, "Wannan siririn? A kan kwalta, babu kaya, kuma na tabbata birkin baya ya kama. Kai kuwa ga ka ga akwatin ƙarfe." Wato ƙiba ce ya ce na yi. Na ƙyale shi.

Ya wanke komai da kananzir, ya sa sababbin ƙwallaye, ya cika giris har da jikin sandar. Wajen ɗaurewa ya tafi a hankali, ya matsa kaɗan ya gwada, ya ƙara kaɗan ya gwada. Ya ce in ya yi sako-sako zai yi ƙara, in ya matse da yawa kan zai ƙage. Ya ɗaga tayar gaba, kan ya kwanta gefe da kansa, sumul. Hannun mutumin yana da kyau, gaskiya.

Na biyo ta gangaren da gangan. Na kama birkin gaba sau biyar. Babu abin da na ji sai taya.

Laraba, 12 ga Maris

Na nuna wa uwar yara ƙwallon da ya tsage. Ta juya shi a hannu. Sai ta ce, "Inna ka tuna, ko?" Ban taɓa faɗa mata ba. Ta ce tun ranar Alhamis ta gane, kuma ita ma tuwo bai wuce mata ba. Har ta je ta girgiza keken da ba na nan, ko Allah zai sa ta ji wani abu. Na ce me ya hana ta magana? Ta ce, "Kai me ya hana ka?"

Muka yi ta dariya kamar wawaye. Ta share ido da bakin mayafi, wai hayaƙi ne. Ba a ma kunna wuta ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Gyara uku yau, dukkansu da ji ɗaya na gano ciwonsu. Alhamdu lillahi.

Asabar, 15 ga Maris

Akwai wani keken ɗinki na lantarki da ya yi wata guda a ƙarƙashin tebur ɗina. Kullum ina ce wa mai shi kayan gyara nake jira. Babu abin da nake jira, wayoyin cikinsa ne ban gane kansu ba. Yau na ɗaure shi a bayan keke na kai wa matar nan mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Na ce ta duba, ni ban iya ba. Haka na faɗa, da bakina, ga mutane a wajen. Ta ce in dawo Talata ta nuna mini yadda ake bin wayar.

Ba wani abu ba ne, dama hanyata ce. Zan tafi da biro da takarda.