Ranar da Aka Auna Tauge

Toa Payoh, 3 ga Maris

'Yata Siew Geok,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni dai gwiwa ce, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba.

Kin tambayi labarin kare. Na san kin ce in zaɓi ɗaya daga cikin jerin da hukumar gidaje ta amince da su, irin ƙananan nan masu murɗaɗɗen gashi da mata ke turawa a keken jarirai. Na je na gan su, na kasa ɗauka. Sai na tafi wurin masu tsince karnuka a bayan masana'antu, na ɗauko wani ramamme mai dogayen ƙafafu, na sa masa Tauge, wato tsiron wake, don jikinsa kamar shi yake. An ce uwarsa gajera ce.

Daga hawa na sha ɗaya muke sauka, safe da yamma. Ina wanke masa ƙafa kafin ya shigo. In na tarar da iyalin maƙwabcinmu Musulmi Pak Salleh a lif, sai mu jira na gaba, shi kuma ya ɗaga mini hannu. Wata biyu na yi ina hana shi haushi in mai sayen tsofaffin jaridu ya matsa odarsa, yanzu kunne kawai yake ɗagawa. Shekara talatin da ɗaya na koyar da lissafi, ban sami ɗalibi mai saurare kamarsa ba. Tun rasuwar mahaifiyarki, shi kaɗai ke tashi tsaye in na buɗe ƙofa.

Sai dai yana girma. A shagon shayi tsoho Lau kullum sai ya ce, "Malam Seah, dokin nan naka yaushe zai shiga sukuwa?" Ka'ida ita ce karen titi a gidajenmu kada kafaɗarsa ta wuce santimita hamsin da biyar daga ƙasa. Wani maƙwabci da ba shi da aikin yi ya kai ƙara, an aiko takarda za a zo awo ranar Laraba. In ya wuce, za su raba mu. Ni na riga na auna shi, amma ba zan rubuta miki abin da na gani ba.

Ki gaishe da kowa.

Mahaifinki,
Seah Boon Kiat

Toa Payoh, 20 ga Maris

Siew Geok,

Ina gaishe ki, da fatan zazzaɓin ƙaramar ya sauka. Saƙonninki sun iso. Ban ɗauki waya ba ne don ba na son ki ji muryata.

Su biyu suka zo, wata yarinya da tef ɗin awo, da wani babba mai riƙe da takardu. Tauge bai saba da baƙi ba, ya maƙale a jikin bango ya rusuna. Yarinyar ta durƙusa tana lallashinsa, ta karkatar da tef ɗin, ta kama daga gadon baya maimakon ƙashin kafaɗa. Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Kawu, hamsin da biyar cif. Ka yi sa'a." Babban ya sa biro zai rubuta.

Sai na ji bakina yana cewa, "Yarinya, ba haka ake awo ba. Tef ɗinki a karkace yake."

Wallahi ban yi niyya ba. Haka nake gaya wa yara a aji, kalmar ta fito kafin hankalina ya kamo ta. Yarinyar ta rufe ido. Babban ya ajiye biro ya ce, "To, tunda Kawu ya faɗa." Ya miƙar da karen, ya ɗora tef daidai yadda zan ɗora da kaina. Hamsin da takwas. Na roƙe shi, ni da ban taɓa roƙon shugaban makaranta ba ko ranar da aka ɗora wanda na koyar a kaina. Ya ce da bai ji ba da shi ke nan, amma ya ji.

Mako biyu suka ba ni. Jiya masu tsince karnukan nan suka zo da mota. Wai wani gida mai fili a Seletar zai karɓe shi. Na rubuta musu shafi uku: shinkafa da kifi ba gishiri, yana tsoron tsawa, kada a ja shi da igiya. Direban ya ninke takardar ya cusa a aljihun baya. Tauge ya shiga motar ba gardama, domin ni na ce ya shiga.

Kin rubuta cewa za ki gano maƙwabcin da ya kai ƙara ki ci masa mutunci. Ki bar shi. Ƙararsa ta mutu a ɗakin nan da tef a karkace, ni na tashe ta. Yarinyar da ba ta san ni ba ta yi ƙarya don in zauna da karena, ubanki mai digiri ya gyara mata kuskure.

Kada ki aiko mini da hoton wani ƙaramin kare. Ki sumbaci yara.

Mahaifinki,
Seah Boon Kiat